Wa Zai Biya Masu Bin Gida-Gida?

Jama'a masu sauraro, na cikin Garwa da na Pitowa, Lagdo, Gidar, Figil, Poli, Cholire da Tuboro, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, mutanen Yola da Mubi, sharhinmu na yau a kan kiwon lafiya ne, irin wanda ake yi a zaure da tsakar gida da gindin bishiya, tun ciwo bai kai mutum gadon asibiti ba.

Duk mazaunin wannan yanki ya san abin da watan Yuli ke zuwa da shi. Ruwa ya zauna, Binuwai ya fara cika, kududdufai sun kwanta a bayan gidaje tun daga Yelwa har Jambutu, sauro ya samu wurin hayayyafa. Kafin Agusta ya ƙare ɗakunan yara a asibitoci sun cika maƙil. Wannan jiki zafi rau, wancan yana jijjiga, na gefensa jini ya ƙare ana ta neman wanda zai ba shi. A kudancin Kamaru sauro ba ya hutu duk shekara, mu kuwa nan arewa yawancin zazzaɓinmu cikin 'yan watannin damina yake taruwa. Wannan taruwar ce ta ba masana dabara: tunda an san lokacin da cutar ke zuwa, sai a riga ta shiga jikin yaro da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawarar yin haka a 2012, bayan gwaje-gwaje sun nuna ana iya kawar da kusan uku cikin huɗu na zazzaɓin da ke kama ƙananan yara a damina. Kamaru ta fara a 2016, a Jihar Arewa da Jihar Arewa Mai Nisa. Ma'aikatan lafiya suna ce wa shirin CPS. Sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, ake bai wa kowane yaro ɗan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar.

To, bari mu bi masu rabon mu ga yadda aikin yake. Yawanci su biyu ne, ɗaya da jakar magani, ɗaya da rajista. Sun yi sallama a ƙofar gida, da Fillanci ko da Hausa, an ce su shigo. Tambayar farko: yara nawa ne ba su kai biyar ba? Ta biyu: akwai mai zazzaɓi yau? In akwai, ba za a ba shi na rigakafi ba, sai a gwada jininsa ko a tura shi asibiti, domin maganin mai ciwo daban ne. Akwai wanda ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan ya sha irinsa? Shi ma a ajiye shi gefe. Sauran kuwa, kowa da fakitinsa gwargwadon shekaru, na 'yan ƙasa da shekara ɗaya daban, na manyansu daban. Za a jiƙa ƙwaya biyu a ɗan ruwa mai tsabta cikin cokali ko ƙaramin kofi, uwa ta rungume ɗanta a cinya ta ba shi a gaban ma'aikaci. Idan ya amayar kafin rabin awa, a ɗan jira a sake ba shi. A cika kati, a yi alama da alli a jikin ƙofa, a wuce gida na gaba.

Sai dai ba a nan maganin ya ƙare ba. An bar wa uwa ƙwaya biyu a hannu, ɗaya ta gobe, ɗaya ta jibi. Kuɗin da aka kashe, jirgin da ya ɗauko maganin, motar da ta kawo shi daga Duwala, taron horarwa da aka yi a otal, duk sun rataya a kan waɗannan ƙwayoyi biyu da ke ƙulle a bakin zane. Gobe da asuba matar nan za ta tafi gona, don lokacin noman gyaɗa da masara ne. Tana iya mantawa. Tana iya cewa yaron lafiyarsa ƙalau, bari in adana sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Tana iya duban yayansa ɗan shekara bakwai da aka tsallake, tausayi ya kama ta, ta raba musu. Kowanne daga cikin ukun nan tunani ne na uwa mai son 'ya'yanta, kuma kowanne yana rage ƙarfin rigakafin. Babu likitan da zai zo daga Yawunde ya gyara wannan. Mai gyarawa ita ce maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga da yamma ta ce, “Maman Bello, an sha na yau kuwa?” In ita ce mai rabon, ko ƙanwarta ce, ko 'yar ajinsu ce a islamiyya, magana ta zauna. In kuwa baƙo ne da aka ɗauko daga wata unguwa don kawunsa na da hanya, ya yi alamarsa da alli ya tafi, ba mai sake ganinsa sai wata mai zuwa. Ga kuma gidajen da namiji ba ya shiga, irin waɗanda muke da su da yawa a Fulɓere da Hausare. In ba a sa mace cikin masu rabo ba, a zaure za a miƙa wa maigida magani, shi kuma ya aika da shi ciki ta hannun yaro, bayanin ya zube a hanya.

Wannan tunani na a fita daga asibiti a je wa mutane, arewacin Kamaru ba ta aro shi jiya ba. A Tokombere, gindin duwatsun Mandara kusa da Mora, wani likita mai suna Giuseppe Maggi ya kafa asibiti wajen ƙarshen shekarun 1950, zamanin da limamin Katolika Simon Mpeke, wanda kowa ya fi sani da Baba Simon, ya zo ya zauna cikin mutanen dutse. A 1975, shekarar da Baba Simon ya rasu, wani Bafaranshe mai suna Christian Aurenche, likita kuma limamin coci, ya karɓi asibitin. Abin da ya tarar shi ne abin da kowane ma'aikacin lafiya na karkara ya sani: ka warkar da yaro daga gudawa, ya koma ya sha ruwan da ya sa masa ita, bayan wata biyu a dawo maka da shi. Sai aka mai da nas-nas matafiya. Su hau dutse, su zauna da mutanen ƙauye a gindin bishiya, a yi ta magana har ƙauyen ya zaɓi nasa mutanen da za su kula da rijiya, da awon yara, da masu ciki. Da tafiya ta yi tafiya aikin ya haɗa da noma da rumbun ajiya da makaranta da karatun mata, don an ga yunwa da jahilci suna kwantar da mutane kamar yadda ƙwayar cuta ke yi. Ku lura da shekarar. Sai a 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya na farko sai da hannun jama'a. A 1987 ministocin Afirka suka ƙara da shirin Bamako. Daga nan ne Kamaru ta samo kwamitocin lafiya da ake kira COSA, waɗanda a ƙa'ida kowane yankin asibiti ke da nasa. Na ce a ƙa'ida. Mai sauraro, in ka san sunan wakilin unguwarku a COSA, kana cikin 'yan ƙalilan.

Misalin da ya fi burge ni yana kudancin jiharmu. A kwarin kogin Vina, wajen Tuboro, akwai ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke haihuwa a ruwa mai gudu. Cizonsa ke sa wa mutum tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi mai hana barci, fata ta lalace, a ƙarshe ido ya tafi. Dattawan yankin suna tuna lokacin da ganin yaro yana jan babba da sanda ba abin mamaki ba ne, ga ƙasa mai albarka a bakin kogi an gudu an bar ta. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai ba da maganin Mectizan kyauta har iya lokacin da ake bukata, kuma ƙauyukan Vina suna cikin wurare na farko a Afirka da aka gwada raba shi ga gari sukutum. Amma maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa. Uwar tana nan cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, tana iya kaiwa shekara 15. Ke nan sai an sha kowace shekara, shekara da shekaru, a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Wace gwamnati ce ke da ma'aikatan da za su iya wannan?

Sai aka miƙa wa ƙauyuka aikin. Bayan kafa shirin Afirka na yaƙi da cutar a 1995, aka tsayar da cewa kowane gari shi zai zaɓi mai rabonsa, shi zai sa ranar rabo, shi zai aika a ɗauko magani. Cibiyar Carter ta Amurka ta fara tallafa wa aikin a Jihar Arewa a 1996. Saura matsala guda: ana ba da maganin ne gwargwadon nauyin mutum, ƙauye kuwa ba sikeli. Aka yanko sanda, aka shafa mata launi kashi-kashi. Mutum ya tsaya a jikinta ba takalmi. Wanda bai kai santimita 90 ba, ba a ba shi. Daga 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, zuwa 140 biyu, zuwa 158 uku, wanda ya haura haka huɗu. Mai ciki ta jira, mai jego ta bari sai ta yi mako guda, wanda ke kwance rai a hannun Allah a ƙyale shi. Shi ke nan. Manomin da bai gama firamare ba ya riƙe aikin da a da sai nas. Sabuwar makanta ta ragu ƙwarai. Amma kada mu yi saurin guɗa: binciken da aka yi bayan an haura shekara ashirin ana rabo ya nuna har yanzu ƙudan na ɗauke da tsutsar a wasu sassan kwarin. Cikin dalilai akwai mutanen da ba su taɓa sha ba, da makiyaya da masunta da rabo ke wucewa ba sa nan, da kuma masu rabon da suka gaji. An ce gari zai riƙa saka musu da ɗan hatsi ko taimakon noma. Shekarar farko an yi. A shekara ta goma, wa ya tuna?

Irin wannan dabara ta sa kayan aiki a hannun mai gida ta sake fitowa ta wata hanya, wannan karon daga ƙasar Hausa. A Mirya, kusa da Damagaram, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar BEFEN sun gwada koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren awo mai launi uku, wajen 2013. Aka ga suna gano tamowa daidai da ma'aikatan da aka horar, kuma suna kawo yara da wuri, tun ba su galabaita ba. Yau ana koyar da wannan awo a arewacin Kamaru. A sami tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya zaren ba matsi ba sako-sako. Kore, alhamdu lillahi. Rawaya, a tashi tsaye. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a nufi asibiti yau ba gobe ba. A kuma danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa na ɗan lokaci, in wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018. Yara 29 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Kamaru sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Arewa 41 ne. Jihar da ke loda wa kudu masara da gyaɗa da wake da albasa, jihar da ke da kifin Lagdo da shanu da man auduga. Talauci na ciki, ba musu, musamman a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Amma akwai abin da ke faruwa a cikin tukunya. Kunun da ake ɗura wa ɗan wata takwas sau da yawa ruwa ne da ɗan gari da suga, ya cika ciki bai gina komai ba. Inda ƙungiyoyin mata ke haɗuwa su dafa tare, abin da ake nunawa ba daga kanti ya fito ba: a soya masara ko gero, a haɗa da gyaɗa da waken soya, a niƙa, a ɗan zuba garin busasshen kifi, a dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. A sa zogale ko kuka ko tafasa a miyar yaro, a ba shi nasa kwano don kada yayyensa su riga shi. Sai dai ina da ƙorafi a kan waɗanda ake gayyata. Ana tara matasan iyaye mata a yi musu bayani cewa dakashi, nonon farko, shi ne rigakafin jariri na farko, kuma kada a ba shi ruwa sai ya yi wata shida. Yarinya ta koma gida, zafin Afrilu ya haura digiri 40, uwar miji ta ce, “Ke, kashe min jika za ki yi da ƙishirwa?” Wa kuke gani zai yi nasara? Mabuɗin rumbu kuma yana aljihun maigida, shi ke yanke ko buhun gyaɗa zai tafi kasuwar Pitowa ko zai kwana a gida. Taron da babu kaka babu maigida, rabin taro ne.

Kwalara ba sai na daɗe a kanta ba, ta koya mana da kanta. A 2010 ta kama fiye da mutum 10,000 a Kamaru, ta kashe sama da 600, akasarinsu a nan arewa, ta kuma dawo mana ta wajen Mayo Ulo a 2018. Tsarin tsafta da ake bi yanzu a ƙauyuka, wanda wani Ba'indiye Kamal Kar ya faro a Bangaladash, ba ya gina wa kowa masai. Mutanen gari ne ke zana taswirar garinsu a ƙasa, kowa ya nuna inda yake zagawa, a bi sawun ƙuda daga can zuwa kwanon tuwo, kunya ta yi sauran aikin. Yana ci, amma ramin da aka haƙa a yashi ba ya wuce damina biyu in ba a ɗaure bakinsa ba, kuma in ya rufta ba kowa ke sake haƙa wani ba. Haka shirin Chèque Santé da aka fara a jihohin arewa uku a 2015: mai ciki ta biya sefa 6,000, jaka shida ke nan, ta samu awo, haihuwa, tiyata in ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan sauka. Takarda ce mai daraja. Amma sai wani ya gaya wa mace akwai ta, ya lallashi mijinta, ya san mai babur ɗin da za a tasa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama.

Kun ga duk inda muka juya, mutum ɗaya muke tararwa. Shi ne mai rabon CPS, shi ne mai sanda, shi ne mai ɗiga bitamin A da ba da maganin tsutsar ciki a makon lafiyar uwa da yaro, shi ne mai raba gidan sauro. Da Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024, shi aka tura ya amsa tambayoyin masu shakka, ya kuma tuna wa iyaye cewa sau huɗu ake yi. Mu da ke maƙwabtaka da Najeriya mun san abin da shakka ke iya haifarwa. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta tsallako har Kamaru. Jita-jita ba ta jin sanarwar minista, amma tana jin kunyar mutumin da kuke sahu ɗaya da shi a masallaci, wanda ya ɗiga wa ɗansa a gabanka.

To wannan mutum, wa ke biyansa? Ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ba shi da albashi, ba shi da fansho. Ɗan abin da yake samu alawus ne da ke biyo shiri, shirin kuma kuɗinsa daga waje yake: Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, UNICEF, ko shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin, wanda ya shigo Kamaru a 2017 ya kuma mai da hankali kan Jihar Arewa da Arewa Mai Nisa. Alawus ɗin kan makara wata da watanni, alhali kwanakin rabo sun faɗo daidai lokacin da gonarsa ke neman noma. Sai ga Janairun 2025, sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. A Arewa Mai Nisa ma'aikatan unguwa masu yawa suka wayi gari ba alawus ba kayan gwaji, damina kuma ba ta jira kowa ba. Ba zan ɓata lokacinku da zagin Amurka ba, kuɗinta ne. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Kamaru ko rabi ba ta kai ba, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fita.

Wasu za su ce ai aikin lada ne, in aka sa kuɗi a ciki albarkarsa ta tafi. Mai faɗin haka yawanci yana da albashi. Habasha ta yanke wannan gardama tun wajen 2003: ta ɗebi 'yan mata daga ƙauyukansu, ta horar da su shekara guda, ta mai da su gida biyu-biyu, ta sa su a albashin gwamnati, sama da 30,000. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fito fili ta ce a riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata gwargwadon aikinsu.

Kuma aikin ƙaruwa yake yi, don cikin gari wasu cututtukan sun shigo da babu mai bin gida saboda su. Bincike a biranen Kamaru ya nuna kusan uku cikin goma na manya suna da hawan jini, da yawansu ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Dubi dunƙulen da ake jefawa a tukunya ɗaya, ga gishiri a kai. Dubi sugan da mai shayi ke kamfatowa. Dubi ɗan kasuwar da daga shago sai babur, daga babur sai tabarma. Ga kuma tiramol a hannun matasa 'yan acaɓa da leburori. Wani abin dariya mai ban tausayi: a 2013 wasu masana suka yi shelar sun gano sinadarin tiramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna an samu bishiya mai haɗa magani da kanta. Shekara guda bayan haka masana daga Jamus suka nuna daga fitsari da kashin shanu ya shiga ƙasa, don manoma na sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji. Na'urar awon hawan jini ta batir kuwa ba ta fi ƙarfin kwamitin masallaci ko ƙungiyar coci ko 'yan adashi ba. Mutum biyu da aka koya wa aiki da ita, su zauna a inuwa bayan sallar Juma'a ko a ƙofar filin Rumde Ajiya ranar da Coton Sport ke wasa, za su gano masu hawan jinin da asibiti ba zai gani ba sai an kawo su ranga-ranga.

Ina kuɗin zai fito? Babban kaso na gwamnatin tsakiya ne, kuma shirin inshorar lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ba zai yi ma'ana a karkara ba in ya manta da masu bin gida. Amma akwai na kusa da za mu iya kama rigarsu. Dokar raba iko ta Disambar 2019 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyi a harkar lafiya, Garwa kuwa na da uku, ga magajin babban birni a sama. Mu yi lissafi a matsayin misali: mutum 50, kowanne sefa 20,000 a wata, miliyan 12 ke nan a shekara. Ku gwada wannan da kuɗin mota guda ta ofis. A karkara kuma ƙungiyoyin manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin SODECOTON sun saba cire wani abu daga rararsu su haƙa rijiya ko su gina aji. Wanda ke hana 'ya'yansu kwanciya a tsakiyar damina, lokacin da kowane hannu ke da amfani a gona, ya cancanci shiga wannan lissafi.

Na san inda za a soke ni. Za a ce ƙananan hukumomi su kansu jiran Yawunde suke yi, kuma ranar da aikin ya zama mai albashi, ranar ce ɗan jauro da yaran jam'iyya za su ture matar da ta yi shekara goma tana yinsa kyauta. Wannan tsoro gaskiya ne, mun ga irinsa. Maganinsa a yi zaɓen a fili, a ƙofar lawan ko jauro, mata na wurin, a fara da waɗanda suka riga suka daɗe a aikin. Shugaban asibitin yankin ya riƙa duba rajista yana bin wasu gidaje ya tabbatar. Kuɗi kuma ya tafi kai tsaye ta waya, Orange Money ko MoMo, kada ya bi ta hannu uku yana ragewa. Lamiɓe da limamai da fastoci da ake gayyata su sa albarka ranar buɗe kamfe, a nan ma muryarsu za ta yi amfani.

Wajen ƙarshen shekara majalisun ƙananan hukumomi ke zaman amincewa da kasafin kuɗi, kuma doka ta bar ƙofar zaman a buɗe ga jama'a. Kansilan unguwarku kun san gidansa. Ku tambaye shi ko akwai layin ma'aikatan lafiya na unguwa a cikin kasafin, nawa aka sa, mutum nawa zai biya, kuma wa zai zaɓe su. Ƙungiyoyin mata da 'yan COSA su nemi a karanta musu amsar a gaban kowa.